Gasasshen ƙirjin talotalo irin na Italiya mai ƙarancin sitaci: da ƙashi, naɗaɗɗe, ko a tukunya?

Tsokar ƙirjin talotalo ba ta da sitaci ko kaɗan. Kusan zallar furotin ce, wajen giram 30 a kowane giram 100 na dafaffen nama, kitsen cikinta kuwa ɗan ƙalilan ne. Rashin kitsen nan shi ya sa masu rage ƙiba da masu kula da sukarin jini ke sonta, shi ne kuma ke sa ta wahalar gashi, domin sakacin minti goma a tanderu ya isa ya mayar da ita busasshiya, a yi ta tauna ana kora ta da ruwa. Girkin Italiya ya dace da wannan nama sosai, tunda ɗanɗanonsa daga man zaitun yake fitowa, da tafarnuwa, da ganyayen ƙamshi, da cuku, ba sai an zuba zuma ko sukari ba. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne hanyar da za a bi. Hanyoyi huɗu aka fi bi: a gasa shi da ƙashinsa da fatarsa, a buɗe shi a cika a naɗe, a dafa shi a rufaffiyar tukunya bisa wuta, ko a bar shi a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko shi ne yawan sitaci, wanda a nan ya haɗa har da sukarin da ke cikin abinci. Tunda naman ba shi da shi, duk sitacin da zai shiga faranti daga abin da aka ƙara ne. Garin busasshen burodi da ake cika nama da shi yana da kusan giram 70 na sitaci a giram 100. Babban cokali ɗaya na fulawa da ake kaurara romo da shi giram 6 ne. Dankali yana da wajen giram 17 a giram 100, albasa giram 9, madara kuma kusan giram 5 na sukari a mililita 100. Busasshen tumatir, wanda mutane da yawa ke ɗauka ba komai a cikinsa, ya haura giram 50 a giram 100 idan busasshe ne ƙarau, wanda aka jiƙa a mai kuwa bai kai rabin haka ba. Binegar balsamik tana da giram 2 zuwa 3 a cokali, amma mai kaurin nan da ake zuba wa abinci don ado an dafe ta ne har sukarinta ya taru, wani lokaci ma an ƙara mata.

Na biyu kuɗi, kuma ba farashin kilo kaɗai ba, har da nawa ne zai zama nama a faranti da kuma abin da za a saya a haɗa. Na uku sauƙin aiki da kayan da ake buƙata. Na huɗu haɗari, wanda iri biyu ne: naman ya bushe, ko cikinsa ya ƙi nuna. Na biyar shi ne yadda ragowar ke jure ajiya, domin ƙirjin talotalo babba ne, da wuya a cinye shi a zama ɗaya.

Abin da bai canzawa ko wace hanya aka bi

Dole tsakiyar naman ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas kafin a ci, wannan shi ne mizanin da hukumar noma ta Amurka ta gindaya wa duk naman kaji da dangoginsu. Launi ba shaida ba ne: wani naman ya nuna sarai amma yana da ɗan ja-ja kusa da ƙashi, wani kuma ya yi fari bai kai ba. Don haka ma'aunin zafi mai tsinke shi ne kayan aikin da ya fi komai muhimmanci a nan, ya fi tanderu mai tsada amfani. A soka shi a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi, domin ƙashi na ba da lambar ƙarya. Babban nama yana ci gaba da dahuwa bayan an fitar da shi, zafin cikinsa kan ƙaru da digiri 3 zuwa 5. Saboda haka a fitar da shi a 70 ko 71, a lulluɓe sama-sama, a sake aunawa bayan minti goma a tabbatar ya kai 74.

Gishiri kuma tun jiya ake sa shi. A auna naman, a ba shi gishiri kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, wato giram 10 ga kilo ɗaya, a shafe ko'ina, a bar shi a firiji awa 12 zuwa 24. Gishirin zai fara jawo ruwa waje, daga baya ruwan ya koma ciki tare da shi, ya sassauta tsokar ta yadda ba za ta matse ruwanta ta zubar ba idan ta ji wuta. Amma a karanta takardar jikin ledar tukuna. Yawancin ƙirjin talotalo daskararre na kamfani an riga an yi masa allurar ruwan gishiri, wani har da sukari ko sitaci. Irin wannan idan aka ƙara masa gishiri na kwana guda ba zai ciwu ba.

Daskararre a narkar da shi a firiji, kwana guda ga kowane kilo 2. Ba a wanke ɗanyen nama a famfo, fantsamar ruwan ce ke yaɗa ƙwayoyin cuta a kicin; a goge shi da takardar kicin kawai.

Game da ƙamshi, ganyen rozmari da salbiya (sage) da oregano suna jure wuta, su ake sawa tun farko. Basil da fasli kuwa wuta na baƙanta su ta kashe ƙamshinsu, sai an sauke ake sa su. Idan busasshen ganye ne a hannu, kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin ɗanye ya isa. Girke-girken Italiya da yawa suna naɗe wannan nama da yankakken naman alade, suna kuma zuba farar giya a romo. Ko ɗaya ba dole ba ne: bota da man zaitun suna yin aikin kitsen, romon kaza da cokali ɗaya na ruwan lemun tsami suna ba da ɗan tsamin da ake nema.

Hanya ta ɗaya: da ƙashi da fata

Cikakken ƙirji mai ɓangare biyu yakan kai kilo 2 zuwa 3. A kwaɓa bota mai laushi giram 60 da man zaitun cokali 2, da tafarnuwa sala 4 da aka daka, da yankakken rozmari cokali ɗaya, da ganyen salbiya 8, da gogaggen ɓawon lemun tsami ɗaya, da masoro. A zura yatsu tsakanin fata da tsoka daga ɓangaren wuya a hankali, a ɗaga fatar ba tare da an yaga ta ba, a tura haɗin ciki a baje shi da tafin hannu daga waje. Saman fatar man zaitun kawai za a shafa. Dalili kuwa shi ne tafarnuwar da aka bari a waje tana ƙonewa kafin nama ya nuna, kuma ɗacin ƙonanniyar tafarnuwa ba ya gyaruwa.

A gasa a digiri 165. Mai kilo 2 zuwa 2 da rabi yana ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu da kwata, ya danganta da tanderu, don haka a fara aunawa tun an cika awa ɗaya da kwata. Idan fatar ta riga cikin yin ja, a yafa mata takardar foyil. Idan kuma ciki ya kusa amma fatar fara ce, a ɗaga wuta zuwa 220 na minti 8 zuwa 10. A bar shi ya huta minti 20 kafin a sa wuƙa, in ba haka ba romon da aka sha wahala aka tsare zai malale a kan katako.

A ganina wannan ce hanyar da ta fi yafe kuskure. Ƙashin da ke ƙasa yana rage saurin shigar zafi, fatar da ke sama tana tare bushewa, botar da ke tsakani tana narkewa tana jiƙa saman tsokar. Sitacinta kusan babu, sala ɗaya na tafarnuwa giram ɗaya ne kacal. Kilonsa yakan fi na marar ƙashi araha, sai dai a lissafa wajen giram 350 ga kowane mutum, tunda ana biyan kuɗin ƙashi. Ƙashin ma ba asara ba ne, a tafasa shi a samu romon miya. Matsalarsa biyu ce. Siffarsa ba daidai take ba, gefen da ya yi siriri yana riga tsakiya nuna, shi ya sa ake rufe bakin gefen da foyil idan an yi rabi. Sannan yana cin wuri a tanderu da firiji, yankansa kuma yana son a fara cire kowane ɓangare daga ƙashi gaba ɗaya kafin a yayyanka shi a kwance.

A ƙarƙashinsa, maimakon dankali, a zuba zukini da farin kabeji da naman kaza mai tsirowa (mushroom) a minti 40 na ƙarshe, su sha kitsen da ke ɗiga.

Hanya ta biyu: naɗaɗɗe mai ciko

Wannan shi Italiyawa ke kira rotolo, kuma shi ya fi ƙayatarwa idan an yanka: farin nama ya zagaye koren ciko da ɗigon jan tumatir. Shi ne kuma ya fi cin aiki, kuma a nan sitaci ya fi samun ƙofar shiga.

Ana buƙatar ɓangare ɗaya marar ƙashi, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A kwantar da shi, a shiga da wuƙa mai kaifi ta gefen da ya fi kauri, a yanka a kwance har saura santimita 2 a fita, a buɗe shi kamar littafi. A rufe da leda a bubbuga har kaurinsa ya daidaita, santimita ɗaya da rabi zuwa 2 ko'ina. Inda aka bar shi da tudu, nan ne zai ƙi nuna.

Ciko ga mutum shida: alayyahu giram 300, cukun rikota giram 150, gogaggen Parmigiano Reggiano giram 40, busasshen tumatir na cikin mai giram 40, ƙwai ɗaya, garin almon cokali 2 a madadin garin burodi. Duka wannan bai kai giram 30 na sitaci ba, wato ƙasa da giram 5 ga kowa. Da a ce giram 100 na garin burodi aka sa kamar yadda aka saba, da kowane mutum ya ƙara kusan giram 12. Cukun Parmigiano gara a sayi dunƙule a goga da hannu, domin wanda ake sayarwa a goge wani lokaci ana barbaɗa masa sitaci don kada ya dunƙule.

Kuskuren da ya fi ɓata wannan girki shi ne ruwan alayyahu. A soya shi sama-sama ya yi laushi, a bar shi ya huce, a zuba a tsumma mai tsabta a murɗe da ƙarfi har ruwa ya daina ɗiga. Giram 300 zai koma ɗan dunƙulen da bai fi cikin hannu ba, haka ake so. Idan aka bar ruwan, zai zama tururi a cikin naɗin, cikon ya yi ruwa ya tsiyaye, naman ya rabu da shi wajen yanka. Kuskure na biyu shi ne cika ciko har baki. A bar santimita 2 a kowane gefe. A naɗe tam, a ɗaure da zaren auduga duk bayan santimita 3, a soya kowane gefe a man zaitun ya yi ja, sannan a gasa a digiri 180 na minti 55 zuwa 70.

Haɗarinsa ya fi na sauran, kuma a nan ba a sassauci. Cikon ya taɓa ɗanyen nama, ga ɗanyen ƙwai a ciki, kuma shi ne a can tsakiya inda zafi ke isa a ƙarshe. Tsinken ma'auni tsakiyar cikon zai shiga, shi ma sai ya kai 74. Ana iya haɗa cikon tun jiya a ajiye shi daban a firiji, amma cikawa da naɗewa sai dab da gashi, kuma ba a shafa ciko mai zafi a kan ɗanyen nama. Wajen kuɗi shi ne kan gaba, domin marar ƙashi ya fi tsada, ga cuku iri biyu, ko da yake giram 200 na nama ya ishi mutum ɗaya tunda ciko ya ƙara auki.

Akwai wani nau'insa da ya fi sauƙi wanda ya kamata a sani. A tsakiyar Italiya, yankunan Laziyo da Umbriya, an san gashin da ake kira porchetta, wanda asalinsa na alade ne, amma ana yi wa talotalo irin haɗinsa. Ba ciko, sai kwaɓin ƙamshi kawai: 'ya'yan shammar (fennel) cokali ɗaya da aka ɗan soya aka daka, da rozmari, da tafarnuwa, da masoro, da ɓawon lemun tsami, da man zaitun. A shafe cikin buɗaɗɗen naman, a naɗe, a lulluɓe da fatar idan akwai, a ɗaure. Sitaci babu, kuɗin cuku babu, ruwan da zai tsiyaye babu, kuma naɗin ya ba shi kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, abin da ke sa ya nuna lokaci guda. Ga wanda ya iya ɗaurin zare, ban ga hanyar da ta fi wannan ba da ɗanɗano a kowace loma ba.

Hanya ta uku: rufaffiyar tukunya bisa wuta

Gashin tukunya tsohuwar hanya ce a gidajen Italiya, ba ya buƙatar tanderu. A ɗaure marar ƙashi mai kilo ɗaya ya zama dunƙule, a soya shi a man zaitun cokali 3 da ɗan bota cikin tukunya mai kaurin gindi, minti 8 zuwa 10 ana juyawa har ko'ina ya yi ja. Kada a yi gaggawa a nan, domin duk ɗanɗanon gashin daga wannan suya yake. A sa tafarnuwa sala 3, reshen rozmari, salbiya, da ƙaramar albasa ɗaya, a zuba romo mililita 200, a rufe, a rage wuta sosai. Minti 45 zuwa 55, ana juya shi duk bayan kwata. Ruwan ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan kawai. Idan yana tafarfasa, wajen naman zai yi tauri ya yi zare-zare kafin ciki ya nuna. Tukunya mai siririn gindi kuma kamu take yi, romon ya yi ɗaci.

Ba za a sami fata mai ƙaras-ƙaras ba, amma za a sami romo mafi daɗi a cikin hanyoyin huɗu. Ba sai an sa fulawa ba: a cire naman, a tsame ganyayen, a markaɗe albasar da tafarnuwar cikin ruwan, a tafasa ya ragu da rabi, a sauke, a jefa bota mai sanyi giram 20 ana kaɗawa. Wani sanannen nau'insa da madara ake dafawa, amma rabin lita na madara ya kusa giram 25 na sukari. Mai ƙirga sitaci sosai sai ya sa kirim mililita 150 da romo a madadinta.

Hanya ta huɗu: tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali

A shafe naman da haɗin botar nan na hanya ta ɗaya, a ɗora shi bisa yankakken seleri, a sa a ƙaramar wuta awa 4 zuwa 6. Aiki kaɗan ne, sai dai wannan tukunya an yi ta ne don nama mai jijiya da kitse, ƙirjin talotalo kuwa ba shi da su, don haka idan ya zarce lokaci sai ya farfashe ya bushe duk da yana kwance cikin ruwa. A fara aunawa daga awa 3 da rabi. Ba a sa daskararren nama a cikinta, domin zai daɗe da ɗumi-ɗumi, yanayin da ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Fatar fara take fitowa, sai an kai ta ƙarƙashin wutar saman tanderu minti 5.

| | Da ƙashi da fata | Naɗaɗɗe mai ciko | Tukunya bisa wuta | Tukunyar lantarki |
|---|---|---|---|---|
| Sitaci ga mutum ɗaya | Kusan babu | Giram 4 zuwa 5 | Giram 2 zuwa 3 | Kusan babu |
| Kuɗi | Mafi araha a kilo | Mafi tsada | Matsakaici | Ya danganta da naman |
| Aikin hannu | Minti 15 | Minti 40 | Minti 20 da juyawa | Minti 10 |
| Lokacin dahuwa | Awa 1½ zuwa 2¼ | Minti 55 zuwa 70 | Minti 45 zuwa 55 | Awa 4 zuwa 6 |
| Haɗarin bushewa | Kaɗan | Matsakaici | Kaɗan idan wuta ta yi ƙasa | Babba idan ya zarce |
| Haɗarin ƙin nuna | Kusa da ƙashi | Tsakiyar ciko | Kaɗan | Idan an sa daskararre |
| Jure ajiya | Mai kyau | Mafi rauni | Mafi kyau | Mai kyau cikin romo |

Ajiyar ragowa

Kowanne daga cikinsu ya shiga firiji cikin awa 2 da saukewa, ko awa ɗaya idan zafin wurin ya haura digiri 32, kuma a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. Bambancin yana wajen inganci. Na tukunya, idan aka ajiye shi cikin romonsa, washegari ya fi daɗi, yana kuma jure firiza wata 2 zuwa 3 ba tare da ya canza ba. Mai ƙashi fatarsa ke yin laushi, naman kuwa lafiya lau. Gara a ajiye shi dunƙule a riƙa yankan na ci, domin yankakke ya fi saurin bushewa. Mai ciko shi ne ba ya son firiza, rikota na tsinkewa ta fitar da ruwa idan ta narke. Wajen ɗumamawa a zuba romo cokali 2 zuwa 3, a rufe, a kai shi 74. Ana kuma iya cin sa da sanyi kamar yadda ake yi a yankin Fiyemonte na Italiya da naman maraƙi: a yanka siriri, a markaɗa kifin tuna na gwangwani da mayonis da ruwan lemun tsami da kafari (capers, tohon fure da ake jiƙawa a gishiri), a kwarara a kai. Ba sitacin kirki a ciki, kuma yana rufe aibin naman da ya ɗan bushe.

Wacce ta dace da wa

Wanda bai taɓa gasa talotalo ba, ko zai ciyar da mutum shida zuwa takwas yana son fata mai ƙaras-ƙaras, ya ɗauki mai ƙashi da fata. Haka ma wanda yake ƙirga kowane giram na sitaci.

Wanda zai yi baƙi, yana da ma'aunin zafi da wuƙa mai kaifi da lokaci, kuma ya san za a cinye a ranar, naɗaɗɗe mai ciko ne nasa. Idan yana son kyan naɗin amma ba ya son kuɗin cuku da fargabar ciko, ya yi mai kwaɓin shammar.

Wanda ba shi da tanderu, ko gidansa mutum biyu zuwa huɗu ne, ko yana dafa abincin kwana uku a lokaci guda don ya riƙa ɗiba, gashin tukunya ya fi masa, saboda romon da ke tsare naman. Tukunyar lantarki kuwa ta wanda ba zai iya tsayawa a kan girki ba ce, da sharaɗin akwai mai auna zafin naman idan an cika awa 3 da rabi, kuma an yarda cewa naman da za a samu na yagawa ne a zuba a salak ko miya, ba na jerawa a faranti yanka-yanka ba.